Tambaya a Sama, Amsa a Ƙasa

Wanda ya tsaya da hantsi a bakin kasuwar Maƙarfi, ko a tashar motar Ikara, ko a wata majalisa ta gindin bishiya a Hunkuyi, ya kasa kunne ga gaishe-gaishen mutane, zai ji wani tsari da sabo ya sa muka daina lura da shi. A ce wa mutum ina aiki, ya ce aiki da godiya. Ina labari, labari sai alheri. Ina gajiya, ba gajiya. In damina ce a ce masa ina ruwa, ya ce ruwa ya yi gyara. Kalmar da mai tambaya ya jefo ita mai amsa yake fara cafewa, ya riƙe ta a bakinsa, sannan ya ɗora tasa a kai. Ko yaron da aka fara koya wa gaisuwa jiya haka yake yi, ba tare da an taɓa yi masa bayanin dalili ba. Dalilin kuwa a fili yake, maimaita kalmar shaida ce ta cewa ta iso kunne. Shi ya sa in aka ce wa mutum ina gida ya ce ba gajiya, nan take a san hankalinsa ba ya wurin, kuma wanda ya gaishe shi yakan ji wani ɗan abu ya soke shi ko da bai furta ba.

Wannan tsari ne muke saki a hankali tun da magana ta koma cikin waya. Layukan GSM sun shigo Najeriya a 2001, yau kuwa manomin rake a Kudan da ɗalibar kwalejin kiwon lafiya ta Shehu Idris da ke Maƙarfi da ma'aikacin sakatariyar ƙaramar hukumar Ikara duk ta saƙo suke gudanar da rabin harkokinsu. Mai aiki da imel ya san yadda abin yake. Da ya danna wurin mayar da amsa, Gmail ko Outlook za su buɗe masa fili a can sama, wasiƙar wanda ya rubuto kuwa ta gangara ƙasa, Gmail ma har naɗe ta yake yi ya ɓoye bayan ɗigo uku. Sai amsa ta hau kan tambaya. In wasiƙa ta je ta dawo sau biyar, mai son gane zancen dole ya faro daga gindi ya haura, tamkar wanda ake ba labari daga ƙarshe zuwa farko. A WhatsApp, inda galibin mutanenmu suke, tun 2016 akwai damar jawo saƙon mutum a ɗora amsa a ƙarƙashinsa, amma da yawa ba su damu da ita ba, sai dai a jefa kalma ɗaya a bar mai karatu da lalube. Ana iya cewa wannan ƙaramin abu ne, batun inda rubutu ya zauna a fuskar waya. Ni dai ina ganin a cikinsa akwai tambayar da ta shafi addini da adalci: me mai tambaya yake bin wanda ya tambaya? Amsata ita ce yana bin sa abu biyu, a amsa masa, kuma a amsa abin da ya faɗa yadda ya faɗe shi. Sanya maganarsa a gaba, taka a baya, shi ne hanya mafi sauƙi ta biyan bashin na biyu.

A ɗauki misalin da kowa a wannan yanki zai gane. Manomi ya sare rakensa, an ɗaure dami-dami an jibge a bakin gona, rana tana dukansa. Ya aika wa dillalinsa saƙon murya da tambaya uku: nawa dami yake tashi a kasuwa wannan makon, yaushe mota za ta zo lodi, kuma kuɗin lodin baya da bai cika ba yaushe za a cike masa. Bayan sa'a biyu amsa ta dawo: «To, Alhaji, ba damuwa, in sha Allahu.» Lafazin babu rashin ladabi a cikinsa, har da sunan Allah. Amma wanne aka amsa a cikin ukun? Manomi zai ɗauka duka, dillali kuwa ranar da rigima ta tashi zai ce shi batun mota kawai yake nufi. Mai tumatir a Ikara ya fi mai rake shiga uku, domin kayansa ba sa jiran a warware shubuha, kwana biyu a kwando sun isa su mayar da riba asara. Abin lura shi ne dillalin bai yi ƙarya ba. Ya dai sami wata mafaka tsakanin amsawa da ƙin amsawa, kuma siffar saƙon ce ta gina masa ita. Da ya jero tambayoyin ya ajiye amsa a ƙarƙashin kowacce, da ta ukun ta tsaya tsirara babu komai a gindinta, kowa ya ga an tsallake ta. Amsar da aka ɗora a sama, ko aka jefa dunƙule, mayafi ce da ke rufe gurbin da aka bari.

Batun cewa amsa haƙƙi ce ba sabon zance ba ne a wurin malamai. Aya ta 86 a Suratun Nisa'i ta umurci wanda aka gaisar ya mayar da gaisuwar da ta fi kyau, in bai iya ba ya mayar da irinta, kuma duk wanda ya karanta Risala ta Ibnu Abi Zaid a zaure ya san fara sallama sunna ce, mayar da ita wajibi. Imamu Bukhari ya kawo a cikin Al-Adabul Mufrad cewa Abdullahi ɗan Abbas yana ganin mayar da amsar wasiƙa haƙƙi ne kamar na mayar da sallama. A wannan littafin dai A'isha 'yar Ɗalha ta ba da labarin yadda wasiƙu da kyaututtuka ke zuwa daga garuruwa saboda kusancinta da Uwar Muminai A'isha, ita kuma Uwar Muminai ta riƙa umurtarta da ta amsa wa masu su, ta kuma saka musu. Imamu Nawawi a cikin Al-Azkar ya kawo maganar malaman da suka ce sallamar da ta zo a rubuce wajibi ne a amsa ta da zarar ta iso. To amma a duba abin da ayar ta ɗora wa mutum da kyau. Mafi ƙarancin abin da aka yarda da shi shi ne mayar da irin abin da aka ba ka. Ba ka iya mayar da irin abu sai ka karɓe shi ka san nauyinsa. Wanda aka auna wa mudu uku ya mayar da ɗaya bai mayar da iri ba, ko da ya haɗa da murmushi.

Alƙur'ani da kansa bisa wannan tsari yake tafiya a wurare masu yawa. Fiye da sau goma ana fara ambaton cewa mutane suna tambayar Annabi (SAW) game da abu kaza, jinjirin wata ko marayu ko giya da caca ko ganima ko ruhi, sannan umurnin amsa ya biyo. Allah ba Ya bukatar a tuna maSa abin da aka tambaya, amma Ya bar tambayoyin bayinSa a cikin LittafinSa ana karanta su a salla har gobe. Suratul Mujadala da labarin ji ta buɗe, jin kukan Khaulatu 'yar Sa'alaba da ta kawo ƙarar mijinta Ausu ɗan Samit, kafin a zo ga hukuncin zihari. Hatta maganar Fir'auna da ta Iblis an kawo su kafin a rushe su. A sira kuma akwai ranar da Utbatu ɗan Rabi'a ya zo a madadin Ƙuraishawa yana yi wa Annabi tayin dukiya da shugabanci da sarauta da magani, in ya yarda ya bar kiran da yake yi. Tayin cin fuska ne daga farko har ƙarshe, amma Annabi bai tari numfashinsa ba. Sai da ya kai aya, ya kira shi da alkunyarsa ta girmamawa, Abul Walid, ya tambaye shi ko ya gama, sannan ya karanta masa farkon Suratu Fussilat. Wanda ya fi dacewa da zamaninmu shi ne hadisin da ke farkon Kitabul Ilmi na Bukhari. Wani balaraben ƙauye ya jefo tambaya game da tashin Alƙiyama alhali Annabi yana tsakiyar magana, bai tsaya ba ya ci gaba. Sai mutane suka shiga hasashe, wasu suka ce ya ji amma bai so tambayar ba, wasu suka ce bai ji ba ne. Irin hasashen da ke cin zuciyar wanda ya ga alamar shuɗi biyu a kan saƙonsa ke nan, alamar da WhatsApp ta ƙirƙiro a 2014, ya san an buɗe amma shiru. Da Annabi ya kammala sai ya nemi mai tambayar, ya ambaci abin da ya tambaya a kai, sannan ya amsa. Jinkiri ya halatta ke nan, abin da bai bari ya faru ba shi ne tambaya ta nutse. Amsar da ya bayar ran nan kuwa a kan tozarta amana ce.

Karatunmu na zaure gaba ɗaya a kan wannan ginshiƙi ya tsaya. Almajiri ya ja matanin Ahalari ko Iziyya ko Risala, malam ya fassara gaɓa-gaɓa, ba ya wuce inda aka ja. A littattafan sharhi akan rubuta lafazin mai littafi da jar tawada ko a killace shi, sannan bayanin mai sharhi ya biyo, don kada maganar wani ta cakuɗe da ta wani. A tafsirin azumi, a masallatan Paki da Gimi da Likoro kamar ko'ina a ƙasar Zazzau, alaramma ne ke fara jan baƙi, kuma malam komai zurfin iliminsa ba ya riga shi. Littattafan fatawa ma haka. Shaihu Magili, wanda ya zauna Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ya wuce Gao wurin Askiya Muhammadu da ya karɓi mulkin Songhai a 1493. Askiya ya yi masa tambayoyi bakwai, Magili kuma ya kawo kowacce da tsawonta kafin ya amsa. Albarkacin haka ne masana tarihi suke da bayanin da Askiya ya yi game da tsohon sarkin Songhai Sunni Ali da al'adun mutanen ƙasarsa da halin malaman lokacin, domin duk a cikin tambayoyin suke. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya dogara da waɗannan amsoshi a Sirajul Ikhwan bayan shekara ɗari uku, kuma ya iya auna su da halin ƙasar Hausa ne saboda ya ga irin yanayin da aka yi tambayar a kansa. Fatawar da aka raba da tambayarta takan zama makami a hannun wanda bai san don wa aka ƙera ta ba.

Misalin da ya fi kowanne nauyi a wurina shi ne na Muhammadu Bello da Shehu Muhammadu al-Aminu al-Kanemi. Bayan masu jihadi sun auka wa Birnin Gazargamu a 1808, al-Kanemi ya rubuto wasiƙa mai zafi yana neman a gaya masa hujjar yaƙar Barno da bautar da 'ya'yanta. Bai musanta cewa akwai ɓarna a ƙasarsa ba, cin hanci da cin dukiyar marayu da fitar mata ba lulluɓi da wasu yanke-yanke na al'ada. Abin da ya ce shi ne waɗannan saɓo ne, saɓo kuwa ba ya fitar da mutum daga Musulunci, kuma akwai irinsu a manyan ƙasashen Musulmi ba a kafirta su ba. Wannan suka ce da ta nufi tushen halaccin yaƙin baki ɗaya. Bello yana da iko ya taƙaita ta a layi biyu yadda za ta yi sauƙin karyawa, ko ya yi shiru a kanta, tunda alƙalamin tarihi a hannunsa yake. Sai ya kwafe ta ya sa a cikin Infaƙul Maisur, littafin da ya kammala a 1812, sannan ya bi ta yana amsawa. Sakamakon haka, mai karatu a yau yana iya karanta su biyun ya ga inda Bello ya yi rinjaye, ya kuma ga inda hujjar al-Kanemi ta tsaya da ƙafarta, kuma akwai masana da yawa da suka karanta suka ce ta tsaya ɗin. Bello ne da hannunsa ya ba su abin da za su yi masa hukunci da shi. Mutanen nan biyu jini ya zuba a tsakaninsu, amma ɗaya ya riƙe amanar lafazin ɗaya. Mu da muke saɓani a kan kuɗin taki ko ranar taron ƙungiya ba mu da uzurin kasa yin abin da aka yi a tsakiyar yaƙi.

Hujja ta farko da za a kawo don sukar wannan ra'ayi ita ce ta lokaci, kuma ba ta da rauni. Mai amsa zai ce wanda ya rubuto ya san abin da ya rubuta, me ya sa zan maimaita masa? Abin da yake jira shi ne sabon zance, to a sa masa shi a sama ya gani da buɗewa. A wuri ɗaya na yarda da wannan: in tambaya ɗaya ce, tsakanin mutum biyu, aka amsa nan take, maimaitawa ɓata lokaci ne. Wanda aka ce wa ka iso, ya ce na iso, ya gama. Amma yawancin saƙonnin da ke haifar da rigima ba irin wannan ba ne. Suna ɗauke da batu fiye da ɗaya, ko amsar ta zo bayan kwana uku, ko akwai mutum na uku da za a tura wa. A nan lokacin da mai amsa ya yi tsiminsa bai ɓace ba, ya ɗora shi ne a wuyan mai karatu, in masu karatun ashirin ne kuma ya ninka shi sau ashirin. Su kansu waɗanda suka gina intanet sun hango haka. A 1995 an fitar da wata takardar ladubban mu'amala da ake kira RFC 1855, wadda Sally Hambridge ta kamfanin Intel ta tsara, ta ba da shawarar mai amsa ya fara da taƙaita abin da yake amsawa, ko ya kawo daidai gwargwadon da zai sa a gane, kada ya kwaso duka. Tsohon akawun En'e da ke buɗe wasiƙa da ambaton lamba da kwanan watan wadda yake amsawa ya riga su sanin wannan, haka ma dattijon da ke sa a rubuta wa ɗansa da ke birni cewa takardarka ta iso kuma na fahimci abin da ke ciki.

Hujja ta biyu ta fi zurfi, kuma babban malami ne ya fara kawo ta. Imamu Gazali ya ba da labari a cikin Al-Munƙiz cewa Imamu Ahmad ɗan Hambali ya ƙi amincewa da littafin da Harisu al-Muhasibi ya rubuta na martani ga Mu'utazilawa. Dalilinsa shi ne Muhasibi yana fara kawo shubuharsu sannan ya amsa, to wa ya ba shi tabbacin cewa mai karatu ba zai riƙe shubuhar ya bar amsar ba? Wannan tsoro na gaskiya ne, kuma ya fi ƙarfi a yau da mutum ke karanta layi biyu ya wuce. Gazali bai yi watsi da shi ba. Ya ce maganar Imamu Ahmad daidai ce a kan shubuhar da ba ta yaɗu ba, amma wadda ta riga ta bazu dole a amsa ta, amsa kuwa ba ta yiwuwa sai an faɗi abin da ake amsawa. Shi da kansa sai da ya shimfiɗa ra'ayoyin masana falsafa a littafi guda kafin ya rushe su a wani. Abin da na fahimta daga wannan shi ne zaɓin yana tsakanin amsawa da ƙyalewa ne. Zagi da ƙazafi da maganar banza, mutum yana da damar kau da kai, Alƙur'ani ma ya yabi masu yin haka, kuma bai kamata ya jawo su ya sake yaɗawa da sunan martani ba. Amma in ya zaɓi ya amsa, ba shi da zaɓi na uku na ya amsa wata magana da ya ƙera da kansa ya rataya wa mutumin.

A nan ne hujja ta uku take shigowa, wadda ta fi damuna, domin ta nuna cewa kawo maganar mutum ma yana iya zama zalunci. Kowa ya ga yadda raddi ya koma a tsakanin wasu masu wa'azi da mabiyansu. A yanko daƙiƙa talatin daga karatun sa'a biyu, a sa a farkon bidiyo, sannan a shafe rabin sa'a ana ragargaza. A siffa an cika ƙa'ida, maganarsa a gaba, martani a baya. A haƙiƙa kuwa an yi abin da malamai ke misaltawa da wanda ya karanta aya ta huɗu ta Suratul Ma'un, mai yi wa wasu masallata narko, ya rufe Alƙur'ani bai karanta ta biyar da ta bayyana ko su wane ne ba. Haka ma a rubutu, akwai mai daddatsa wasiƙar ɗan'uwansa jimla-jimla yana bin kowacce da duka, har ma'anar da ta haɗa su ta watse. Wannan ya nuna siffar kaɗai ba ta isa ba, sai da ma'auni. Ma'aunin kuwa yana nan a kotunanmu na shari'a. Lokacin da Annabi ya aiki Sayyidina Ali Yaman, ya gargaɗe shi kada ya yanke hukunci sai ya ji daga na biyu kamar yadda ya ji daga na farko. Fiƙihun Malikiyya ya ƙara da i'izari, wato kafin alƙali ya yanke sai ya juya ga wanda hukunci zai hau kansa ya tambaye shi ko yana da sauran magana, kuma kotunan ɗaukaka ƙara sukan rushe shari'ar da aka tsallake wannan mataki. Mai kawo maganar wani ya yi wa kansa irin wannan tambaya: in mai maganar ya ga abin da na yanko, zai ce e, abin da nake nufi ke nan, ko zai ce saura? In zai ce saura, ba a gama jinsa ba, kuma ba a isa amsawa ba tukuna.

Akwai kuma masu cewa al'adarmu ta girma ba ta san wannan ba, babba ba ya bin yaro tambaya-tambaya, «to» ɗinsa ta wadatar, kuma shiru ma amsa ce. Gaskiya ne shiru amsa ce a zaure, inda ake ganin fuska. Uban da ɗansa ya nemi izinin tafiya ci-rani ya yi shiru ya sunkuyar da kai ya faɗi abu, wanda ya yi shiru yana murmushi ya faɗi wani abu dabam. A waya babu fuska, shirun amincewa da na fushi da na ƙarewar caji duk kamarsu ɗaya. Malaman usulu ma ƙa'idarsu ita ce ba a jingina wa wanda ya yi shiru magana, sai a wuraren da alama ta bayyana. Game da girma kuwa, wanda ya fi kowa girma shi ne ya nemi balaraben ƙauye bayan ya gama maganarsa. Na ƙasa shi ya fi bukatar amsa bayyananna, domin shi ne ba ya iya komawa ya ce ranka ya daɗe ban gane ba. Malamin firamare da ya rubuta wa ofis yana tambayar abu biyu aka amsa masa ɗaya zai iya shafe wata yana jin nauyin sake tambaya. Matar da mijinta ke Legas ko Fatakwal, ta tambaye shi kuɗin makarantar yara da maganin tsohuwa ya amsa da tambayar lafiyar gida, ta san an ji ta, ta kuma san an wuce ta.

Ba ina cewa wanda ya rubuta amsarsa a saman imel ya yi zunubi ba. Babu nassin da ya ajiye wa amsa wurin zama a takarda, kuma mayar da ladabi wajibi shi ma ƙetare iyaka ne. Saƙon barka da Juma'a da aka tura wa mutum ɗari ba bashi ba ne a kan kowannensu, kuma sallamar da aka yi wa jama'a in ɗaya ya amsa ya ɗauke wa saura, kamar yadda Risala ta faɗa. Wajibin shi ne gaskiya da cika haƙƙi, tsarin rubutu kuwa bawansu ne. Sai dai bawa ne mai amfani ƙwarai, saboda yana tilasta wa mutum abin da rai ba ya so. An ruwaito cewa an yi wa Imamu Malik tambaya 48 ya ce bai sani ba a 32 daga ciki. Ba a iya ƙirga wannan ba sai don ya tsaya a kan kowacce ɗaya bayan ɗaya, ya ba ta haƙƙinta, ko da haƙƙin shi ne ya ce ba shi da amsa. Da ya yi jawabi ɗaya mai daɗi ya rufe duka, da mai tambaya ya tafi yana zaton an biya shi.

Mutanenmu da yawa ba sa rubutu, da murya suke aike, kuma tun 2021 WhatsApp ta ba da damar a saurari saƙo da ninkin saurinsa, abin da ya ƙara sauƙaƙa ji ba tare da saurare ba. Amma tsarin bai dogara da boko ba. Masu sauraron Amsoshin Takardunku a BBC Hausa sun saba da shi, a karanta tambayar mai sauraro da sunan garinsa, sannan masani ya amsa. Dillalin nan na rake zai iya danna wayarsa ya ce: «Alhaji, na ji saƙonka, abu uku ka tambaya. Farashi, ga yadda aka sayar jiya. Mota, jibi da asuba in Allah ya kai mu, a sa yara su kasance a gona. Batun cikon kuɗinka kuwa, wallahi ban karɓo ba tukuna, kuma ba zan sa maka ranar da ban tabbatar ba, ka ba ni zuwa ranar kasuwa in kira ka.» Duka bai kai minti ɗaya ba. Manomi ba zai ji daɗin ta ukun ba, wataƙila ma ya yi faɗa. Amma ya san inda ya tsaya, zai iya yanke shawarar ko ya ba wannan dillali lodin jibi ko ya nemi wani, tun raken bai fara bushewa a bakin gona ba.